Waiwaye: Yadda Mayawan Sololá suka riƙe ragamar garinsu

Duk ranar Talata da Juma'a kasuwa ke ci a Sololá, wani gari da ke kan tsaunukan yammacin Guatemala, a Amurka ta Tsakiya, a tudun da ya haura mita 2,000. Daga bakin garin ana hango tafkin Atitlán shimfiɗe can ƙasa, ga duwatsu masu aman wuta guda uku, Atitlán da Tolimán da San Pedro, sun tsaya a bayansa. Yawancin baƙi masu yawon buɗe ido wucewa suke yi ta cikin garin zuwa Panajachel da ke bakin ruwa. Wanda ya tsaya kuwa zai tarar da kasuwar 'yan gida, wadda ba don shi aka kafa ba: tulin albasa da ganyenta, masara baƙa da fara da rawaya, wake, kaji a kwando, da mata masu tafa wainar masara a tafin hannu. Dattawa na sanye da wando mai ratsi-ratsi, sun ɗaura guntun bargon ulu a ƙugu, wasu da 'yar riga mai zanen jemage a baya, tambarin tsohon gidan sarautar ƙabilarsu ta Kaqchikel, ɗaya daga cikin ƙabilun Mayawa, 'yan asalin ƙasar.

Abin da baƙo bai cika lura da shi ba shi ne garin na da hukuma biyu. Akwai magajin gari na gwamnati, akwai kuma majalisar 'yan asalin ƙasa, wadda ƙauyuka ke zaɓen shugabanninta, kowannensu riƙe da sandar girma. Can ake kai rikicin gona da na iyali, a yi shari'a cikin harshen da mutane suka tashi da shi. Wannan majalisa ba jiya ta fara ba.

A 1524 ne Pedro de Alvarado ya shigo ƙasar da rundunar Sifaniyawa. Da farko Kaqchikel sun haɗa kai da shi don ya taya su yaƙar maƙwabtansu, amma da ya matsa musu da neman zinariya sai suka bar babban birninsu Iximché a shekarar, suka shiga tsaunuka suna yaƙi har wajen 1530. A 1547 aka tattaro waɗanda suka saura aka zaunar da su a inda Sololá take, don sauƙin karɓar haraji da shigar da su coci. Turawan sun ga ba za su iya tara harajin da kansu ba, sai suka bar wa 'yan ƙasa majalisarsu. Abin da aka ƙirƙiro don a juya su, shi suka mayar garkuwa. A garin ne ma 'ya'yan gidan sarautar Xajil suka rubuta tarihin mutanensu da harshensu, cikin haruffan boko, littafin da ake kira Memorial de Sololá, wanda ya ba da labarin annoba da yaƙi daga bakin waɗanda abin ya faɗa wa.

Samun 'yancin ƙasar a 1821 bai sauƙaƙa musu ba. Dokar 1877 ta ba masu gonakin kofi damar a tura musu Mayawa aikin dole, ta 1934 kuma, zamanin Shugaba Jorge Ubico, ta wajabta wa marar isasshiyar gona aikin kwana 100 ko 150 a shekara a gonar wani.

Mafi muni shi ne yaƙin basasa na 1960 zuwa 1996, wanda mutane kusan 200,000 suka mutu ko suka ɓace a cikinsa, akasarinsu Mayawa. A ƙetaren tafkin, a Santiago Atitlán, garin ƙabilar Tz'utujil, an kashe limamin Katolika Stanley Rother a 1981. Ranar 2 ga Disamban 1990 jama'ar garin suka fita cikin dare ba makami zuwa barikin soja don kai kuka, sojoji suka buɗe wuta, mutum 13 suka mutu. Mutanen ba su ja da baya ba. Suka tara sa hannun dubbai, har gwamnati ta kwashe sojojin daga garin tun yaƙi bai ƙare ba. A ganina wannan na cikin manyan abubuwan jarumta da talakawa suka yi a wancan ƙarni, kuma abin takaici ne yadda ba a san shi ba. Barikin da ke kusa da Sololá ma bayan sulhu an mayar da shi jami'a.

Duniya ta sake jin ɗuriyar masu sandunan a Oktoban 2023, lokacin da ofishin babbar mai gabatar da ƙara ya nemi rushe zaɓen shugaban ƙasa da Bernardo Arévalo ya lashe. Shugabannin Sololá da na Totonicapán ne suka ja gaba wajen tare manyan hanyoyi, aka yi zaman dirshan na kwana 106 a babban birni, har aka rantsar da shi a Janairun 2024.

Yanzu fafutukar ta koma kan ruwa. Tafkin, mai zurfin fiye da mita 300, ba shi da kogin da ke fitar da ruwansa, don haka duk ƙazantar da ta shiga sai ta zauna. A 1958 aka zuba wani kifi baƙo don jawo masu yawon kamun kifi, ya cinye ƙananan kifaye da 'yan tsakin poc, tsuntsun ruwan da babu irinsa ko'ina, wanda ya ƙare ƙaf kafin 1990. A 2009 gansakuka ta rufe babban ɓangare na tafkin saboda ruwan masai da takin zamani. Da aka kawo shawarar shimfiɗa ƙaton bututu ya kwashe ruwan datti zuwa wajen yankin, shugabannin gargajiya da dama sun ƙi, suna tsoron ruwansu zai ƙare a manyan gonakin kudu ba tare da an tuntuɓe su ba. Garin San Pedro La Laguna kuwa bai jira kowa ba, tun 2016 ya haramta leda, masu sayayya suka koma ga kwando da ganyen ayaba.