Shin da gaske za a ɗaure wanda ɗansa bai iya taken ƙasa ba? Ga yadda dokar take

Wani sautin murya ne ke ta yawo a guruf ɗinmu na iyayen yara, wata baiwar Allah tana rantsuwa cewa gwamnati ta yi doka duk yaron da bai iya sabon taken Najeriya ba za a ci ubansa tarar naira miliyan 5 ko a ɗaure shi shekara 10, kuma wai darasin tarihi da aka dawo da shi makarantu dabara ce ta ture darasin addini. Yayata ta kira ni hankalinta a tashe, ta ce ita fa yaranta biyu har yanzu tsohon taken suke rerawa a gida, ya za ta yi? Na ce Yaya kwantar da hankalinki. Amma tunda na ga ba ita kaɗai ba ce abin ya tsorata, bari na warware shi a nan, don abubuwa uku ne daban aka cakuɗa wuri ɗaya.

Na farko dokar taken ƙasa, wadda Shugaba Tinubu ya sa wa hannu ranar 29 ga Mayu 2024. Ita ce ta dawo da taken da aka yi amfani da shi daga samun 'yancin kai a 1960 har zuwa 1978 lokacin da gwamnatin soja ta Obasanjo ta canza shi, shi ya sa ma kiransa "sabo" bai dace sosai ba, kakanninmu da shi suka yi makaranta. Abin da ya shafi yara a cikinta shi ne makarantun firamare da sakandare su sa taken cikin darasin sanin haƙƙin ɗan ƙasa su koya wa ɗalibai. Wato nauyin a wuyan makaranta yake.

To ina miliyan 5 da shekara 10 suka samo asali? Ba ƙirƙirarsu aka yi ba, a nan ne jita-jitar ta samu gindin zama. Akwai wani ƙudiri daban, na hana zagon ƙasa, da Kakakin Majalisar Wakilai Abbas Tajuddeen ya gabatar a 2024, a cikinsa ne aka rubuta cewa wanda ya lalata alamomin ƙasa ko ya ƙi rera take da alƙawarin ƙasa zai biya wannan tara ko ya sha wannan ɗauri ko duka biyun. Mutane suka yi caa a kai, ga shi lokacin an fito daga zanga-zangar tsadar rayuwa ta farkon Agusta rai a ɓace, ranar 14 ga Agusta 2024 shi da kansa ya janye ƙudirin. Bai tsallake majalisa ba, bai je teburin shugaban ƙasa ba. Ƙudiri kuwa shawara ce kawai har sai majalisun biyu sun amince an sa hannu, wanda aka janye kuma ba shi da wani ƙarfi a kan kowa. Ni a ganina janyewar ita ce daidai, don ba a dasa son ƙasa a zuciyar mutum da barazanar gidan yari, amma kun ga har yau guntun labarin yana yawo babu kai babu gindi.

Wasu masu ɗan karatu za su ce ai sashe na 24 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce wajibi ne ɗan ƙasa ya girmama tuta da take da alƙawarin ƙasa. Haka ne, yana nan. Sai dai sashen bai yanka wani hukunci ba, kuma sashe na 36(12) na kundin ya faɗa ƙarara cewa ba a kama mutum da laifi sai in rubutacciyar doka ta bayyana laifin ta kuma faɗi hukuncinsa. Saboda haka in wani malami ko wani mai kaki ya ce ka kawo kuɗi don yaronka ya yi tuntuɓe a baiti na biyu, ka tambaye shi wace doka ce, wane sashe.

Hukuncin da yake na gaske a kan iyaye yana wani wuri ne can da ba a cika magana a kai ba, dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 wadda ta kafa hukumar ilimin bai-ɗaya UBEC. Ta ce uban da ya ƙi sa ɗansa makarantar firamare da ƙaramar sakandare, karo na farko a ja masa kunne, na biyu tarar naira 2,000 ko ɗaurin wata 1, in ya sake naira 5,000 ko wata 2. Laifin shi ne hana yaro zuwa makaranta, ba rashin iya waƙa ko faɗuwa jarabawa ba.

Sai maganar tarihi. Wannan ma ba dokar majalisa ba ce, manhaja ce, ma'aikatar ilimi ta tarayya da hukumar tsara manhaja NERDC ke fitar da ita. An cire tarihi a matsayin darasi mai zaman kansa daga firamare da ƙaramar sakandare tun zangon 2009/2010, aka ɗan tsoma shi cikin wasu darussa. A Nuwamban 2022 aka ƙaddamar da dawo da shi tare da horar da malamai 3,700, sannan a Satumban 2025 ministan ilimi Tunji Alausa da ƙaramar minista Suwaiba Sa'id Ahmad suka sanar cewa tarihin Najeriya ya zama dole daga aji 1 na firamare har aji 3 na ƙaramar sakandare, a babbar sakandare kuma an haɗa shi da darasin haƙƙin ɗan ƙasa. Makarantun gwamnati da masu zaman kansu da ke bin manhajar ƙasa duk ya shafe su.

Darasin addini yana nan bai je ko'ina ba, ɗan Musulmi ya yi na Musulunci ɗan Kirista ya yi na Kiristanci. Na san daga inda tsoron ya fito, an taɓa yin irin wannan hayaniya a 2017 kan cusa darussan addini ƙarƙashin inuwa ɗaya da wasu darussa, har sai da minista Adamu Adamu ya sa aka raba su, wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu. Amma akwai garkuwa, sashe na 38(2) ya hana a tilasta wa ɗalibi koyon addini ko shiga ibadar da ba ta addininsa ba ko wadda iyayensa ba su yarda da ita ba.

Ni abin da ya fi damuna ba wannan ba ne wallahi. Ka ɗauki naira 200 ka nuna wa ɗan aji 6 ka ce wane ne wannan, da yawa za su tsaya kallonka, alhali Sardauna ne, ga sunansa a tituna da jami'ar Zariya. Tafawa Ɓalewa yana kan naira 5 da yara ba sa ma ganinta yanzu, Awolowo a 100, Azikiwe a 500. Dawo da darasin ya yi, amma malamai 3,700 ɗin nan in ka raba, ɗari-ɗari ne ga kowace jiha da Abuja, to don Allah mutum ɗari me za su yi a jiha irin Kano mai ƙananan hukumomi 44? Ƙarshenta malamin lissafi za a miƙa wa littafin a ce ya karanta musu.

Sannan wane tarihin za a koyar? In sunaye huɗu ne kawai da ranar 1 ga Oktoba 1960 a haddace a zuba a jarabawa, an yi ba a yi ba. Yaro ya kamata ya ji cewa a 1953 Anthony Enahoro ya kawo ƙudirin neman mulkin kai a 1956, Sardauna ya ce a'a sai lokacin da ya dace domin Arewa ba ta da isassun 'yan boko da za su riƙe ma'aikatu, aka yi wa wakilan Arewa ihu a Legas, daga baya rikici ya ɓarke a Kano. Ya ji labarin jam'iyyar NEPU da aka kafa a 1950, da Malam Aminu Kano da Sa'adu Zungur da Hajiya Gambo Sawaba da ta sha ɗauri saboda 'yancin talaka da na mata, su ma ai da su aka gina ƙasar ko da yake ba su riƙe gwamnati ba. Wannan shi ne abin da nake so mu iyaye mu riƙa tambaya a taron iyaye da malamai, wa ke koyar da tarihin, akwai littafin a aji ko babu. Yayata dai na tura mata baitocin taken a waya, ta ce yaran sun fara kama na farko.