Waiwaye: Daga Audugar Samaru Zuwa Rizga da Madobiya

Lokacin da Turawan mulkin mallaka suka buɗe tashar binciken noma a Samarun Zariya a shekarar 1922, auduga da gyaɗa ne suka fi ɗaukar hankalinsu, domin su ne ake lodawa a jirgin ƙasa zuwa bakin teku. A 1962 aka mayar da tashar Cibiyar Binciken Aikin Gona a ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, sai dawa da masara da wake suka ƙara samun gurbi a filayen gwaji.

Annobar cutar da ƙwaron darɓa ya yaɗa a gonakin gyaɗa a 1975 ta nuna wa kowa amfanin wannan aiki, domin manoman Arewa sun tafka asarar da ta sa da yawa suka haƙura da gyaɗa, kuma sai da aka yi shekaru ana tace iri kafin a samu masu jure cutar. Daga irin wannan haƙuri ne aka fitar da iraruwan gyaɗa na SAMNUT da na masara na SAMMAZ, har zuwa waken SAMPEA 20-T mai jure tsutsa a 2019.

Abin da ke damuna shi ne tsirran da ba su shiga wannan lissafi sosai ba, alhali da su ƙananan kasuwanni ke rayuwa. Acca da iburu da rizga da tumuku na kudancin Kaduna, yawanci a hannun tsofaffin manoma irinsu yake, cikin tulu ko ƙullin tsumma a lungun rumbu. Idan tsohuwa ta rasu ba wanda ya karɓa, irin ya bi ta. Haka ɗorawa da kaɗanya: mai daddawa tana dafa kalwa ta sayar a ranar kasuwa ta ciyar da gida, amma bishiyoyin da take dogaro da su sun tsufa, masu gawayi suna sara, kuma ba kasafai ake dasa madadinsu ba. Madobiya kuwa an sare ta ana kaiwa Sin har sai da aka sa ta cikin itatuwan da aka taƙaita cinikinsu a duniya a 2017.

Cutar da ta cinye gonakin citta a Kachiya da Jaba da Kagarko a 2023 ta sake fito da tsohuwar matsalar, domin manoma sun dogara ne da nau'o'in citta kaɗan da suke sake dasawa daga saiwar bara, kuma da damina ta zagayo, mai neman lafiyayyen iri sai ya saye shi da tsadar gaske.