Aminci a Tarihin Sarakunan Isra'ila da Yahuda

Aminci a tarihin sarakunan Isra'ila da Yahuda batu ne da Kiristoci suka daɗe suna komawa gare shi a wa'azi, da makarantar Lahadi, da ibadar safe ta iyali. Labaran suna cikin Tsohon Alkawari, a littattafan Sama'ila, da Sarakuna, da Tarihi, kowannensu kashi biyu. Sun ɗauko daga Saul, sarki na farko, wajen ƙarshen ƙarni na 11 kafin haihuwar Almasihu (K.H.), har zuwa faɗuwar Urushalima a hannun Babila a shekara ta 586 K.H. Tambayar da masu ibada ke riƙe da ita yayin karanta su guda ce: me ke sa mutum ya tsaya da Allah har ƙarshe, me kuma ke sa wanda ya fara da kyau ya kauce a tsakiyar hanya?

Ma'aunin da aka auna sarakunan

Bayan rasuwar Sulemanu, wajen shekara ta 930 K.H., mulkin ya rabu gida biyu: Isra'ila a arewa, Yahuda a kudu. Littafin Sarakuna yana bin su ɗaya bayan ɗaya da salo iri guda: shekarar da sarki ya hau, tsawon mulkinsa, sa'an nan hukunci, ko ya yi abin da ke daidai a gaban Ubangiji, ko ya yi mugunta. A cikin sarakunan arewa 19 babu wanda ya sami cikakken yabo. Kusan dukansu an ɗora musu laifin bin sawun Yerobowam, wanda ya kafa 'yan maruƙan zinariya a Betel da Dan don tsoron kada jama'arsa su riƙa zuwa sujada Urushalima, zuciyarsu ta koma ga gidan Dawuda. A kudu kuwa, takwas ne aka ce sun yi daidai: Asa, Yehoshafat, Yowash, Amaziya, Uzziya, Yotam, Hezekiya da Yosiya. Ko a cikinsu ma, shida an haɗa musu yabon da "amma", domin ba a kawar da masujadai na kan tuddai a zamaninsu ba.

Labarin Omri ya fi kowanne nuna irin wannan ma'auni. Shi ne ya sayi tudun Samariya ya gina babban birni a kansa. Dutsen Mesha, rubutun wani sarkin Mowab, wanda aka gano a Dhiban ta ƙasar Jodan a 1868, ya ambaci sunansa a matsayin wanda ya danne Mowab, Assuriyawa kuma sun ci gaba da kiran ƙasar "gidan Omri" da daɗewa bayan mutuwarsa. Amma a 1 Sarakuna 16 ayoyi kaɗan kawai aka ba shi, aka ce ya fi waɗanda suka riga shi mugunta, aka wuce. Abin da marubutan suka duba yana da tushe a Maimaitawar Shari'a 17, inda aka ce kada sarki ya tara dawakai, ko mata, ko azurfa da zinariya, sai dai ya kwafi shari'ar da hannunsa ya riƙa karanta ta dukan kwanakinsa, don kada ya ɗauki kansa ya fi 'yan'uwansa. Aminci a nan ya haɗa sujada da adalci. Shi ya sa annabi Iliya ya tari sarki Ahab a kan bautar gunkin Ba'al, ya kuma tare shi a kan gonar inabin Nabot, wanda aka kashe don a ƙwace ta.

Dawuda da Sulemanu

Dawuda shi ne mizanin da ake gwada sauran da shi, ko da yake littafin bai ɓoye abin da ya yi wa Uriya da matarsa Bat-sheba ba, wato ya kwana da matar, ya sa aka kashe mijin. Abin da masu wa'azi suka fi riƙewa shi ne amsarsa sa'ad da annabi Natan ya ce masa shi ne mai laifin: bai kawo hujja ba, ya amsa laifinsa. Saul kuwa, da Sama'ila ya tare shi a kan ganimar Amalekawa, sai ya jingina laifin ga jama'a. Game da Sulemanu, 1 Sarakuna 11 ya ce da ya tsufa matansa sun karkatar da zuciyarsa zuwa ga waɗansu alloli. Mai karatu Bahaushe ya kamata ya sani cewa a nan Kiristanci da Musulunci sun sha bamban: Musulmi suna ɗaukar Dawuda da Sulaiman annabawa, Alƙur'ani kuma a Suratul Baƙara ya kore wa Sulaiman kafirci. Wannan maƙala tana bin labarin ne yadda Littafi Mai Tsarki ya ba da shi.

Waɗanda suka fara da kyau

Asa ya yi mulki shekara 41. A farkonsa har uwar sarki, Ma'aka, ya tuɓe daga muƙaminta saboda gunkin da ta yi, ya sare gunkin ya ƙone shi a kwarin Kidron. Da Zera Bakushe ya kawo masa yaƙi da rundunar da ta fi ƙarfinsa, ya yi kuka ga Ubangiji ya ci nasara. Amma da Ba'asha sarkin Isra'ila ya gina Rama don ya toshe masa hanya, sai ya kwashe azurfa da zinariya daga baitulmalin Haikali ya aika wa Ben-hadad sarkin Dimashƙu don ya auka wa Ba'asha. Dabarar ta yi aiki, kuma a nan ne darasin yake da nauyi, domin ba kowace dabara da ta ci ba ce ta fito daga dogara ga Allah. Hanani maigani ya tsawata masa, ya ce idanun Ubangiji suna kai da kawowa cikin dukan duniya don ya ƙarfafa masu zuciya ɗaya gare shi. Asa ya fusata ya jefa shi kurkuku. A shekara ta 39 ta mulkinsa ya kamu da ciwon ƙafa, aka ce ko a lokacin bai nemi Ubangiji ba, sai masu magani. Yawancin masu fassara ba sa ɗaukar ayar a matsayin hana zuwa asibiti. Abin zargin shi ne mutumin da ya san addu'a a ƙuruciya ya manta da ita a tsufa. Hausawa suka ce ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa.

Labarin Yowash ya fi ban tausayi. Yana jinjiri gwaggonsa Yehosheba ta ɓoye shi a Haikali shekara shida daga Ataliya, wadda ta karkashe 'ya'yan sarauta. Yana da shekara bakwai firist Yehoyada ya naɗa shi. Shi ne ya sa aka ajiye akwati mai huda a murfi don tara kuɗin gyaran Haikali, kuma 2 Sarakuna 12 ya ƙara wani bayani mai daɗin ji: ba a nemi lissafi daga masu biyan ma'aikata ba, gama amintattu ne. Ba a faɗi sunayensu ba. Da Yehoyada ya rasu, hakiman Yahuda suka zo suka yi wa sarki fadanci, ya saurare su, aka koma bin gumaka. Zakariya ɗan Yehoyada ya yi magana, sarki ya sa aka jajjefe shi a farfajiyar Haikalin da aka ɓoye sarkin a ciki yana jinjiri. A ƙarshe an binne Yehoyada tare da sarakuna, Yowash kuwa ba a sa shi a kaburburansu ba. Ana yawan ɗauko wannan labari idan ana magana da matasan da suka tashi a gidan Kirista, don a tambaye su ko bangaskiyar tasu ce ko ta iyayensu ce suka ara.

Uzziya ya hau yana da shekara 16, ya yi shekara 52. Ya gina hasumiyoyi, ya haƙa rijiyoyi, yana kuma son noma. Da ya yi ƙarfi sai ya shiga Haikali ya ƙona turare, aikin da ba nasa ba. Firist Azariya da waɗansu 80 suka tare shi, yana cikin fushi kuturta ta fito masa a goshi, ya ƙare rayuwarsa a gida dabam.

Hezekiya

Hezekiya ne aka ce ba wanda ya kai shi dogara ga Ubangiji cikin sarakunan Yahuda. Ya kawar da masujadai, ya kuma farfashe macijin tagulla da Musa ya yi, domin mutane sun mai da shi abin ƙona wa turare. Wannan aikin yana buƙatar ƙarfin hali fiye da rushe gunkin baƙi, tun da abin gado ne mai tarihi mai kyau.

A shekara ta 701 K.H. Sennakerib sarkin Assuriya ya auka wa Yahuda. Rubuce-rubucensa sun ce ya ci garuruwa 46 masu garu, ya kulle Hezekiya a Urushalima kamar tsuntsu a keji, amma ba su ce ya ci birnin ba. Zanen cin Lakish, wani birnin Yahuda, da aka sassaƙa a fadarsa ta Nineba yana gidan tarihi na Birtaniya a Landan. Hezekiya bai zauna hannu sake ba: ya janyo ruwan maɓuɓɓugar Gihon zuwa cikin birni, kuma ramin da aka haƙa cikin dutse zuwa tafkin Siluwam, mai tsawon mita 500 da wani abu, wanda aka fi dangantawa da shi, har yau mutane suna bi ta cikinsa. Bangaskiyarsa ma ba ta miƙe sak ba, domin da farko ya kankare zinariyar ƙofofin Haikali ya biya gandu. Da hakan bai tsai da maƙiyi ba, jakadan Assuriya ya tsaya kusa da garu yana yi wa jama'a magana da harshensu don ya karya musu zuciya, su kuwa suka yi shiru bisa umarnin sarki. Da wasiƙar barazana ta zo, Hezekiya ya haura Haikali ya shimfiɗa ta a gaban Ubangiji. Wannan shi ne wurin da Kiristoci suka fi so a labarinsa, har waɗansu sukan ɗauki takardar asibiti ko ta kotu su buɗe ta a wurin addu'a don koyi da shi. Rundunar Assuriya ta janye. Daga baya ya yi ciwo, ya juya fuska ga bango ya yi kuka, aka ƙara masa shekara 15. Sai dai da manzannin Babila suka zo gaishe shi, ya nuna musu dukan dukiyarsa. Da Ishaya ya ce za a kwashe ta zuwa Babila tare da zuriyarsa, ya kwantar da ransa da cewa za a yi salama a zamaninsa. Amsar tana da nauyi a kunnen duk mai 'ya'ya.

Manassa da Yosiya

Wanda ya ɗauka cewa aminci kullum yana kawo tsawon rai da wadata, waɗannan biyun za su tsai da shi. Manassa ɗan Hezekiya ya fi kowa daɗewa a gadon sarauta, shekara 55, alhali shi ne Littafin Sarakuna ya ɗora wa alhakin faɗuwar Yahuda saboda gumaka da zub da jinin marasa laifi. Littafin Tarihi ya ƙara abin da Sarakuna bai faɗa ba: an kai shi Babila a ɗaure, ya ƙasƙantar da kansa, Allah ya ji shi ya komar da shi. Saboda haka akan yi wa'azi da shi a kan cewa ƙofar tuba ba ta rufuwa, ko da yake tubansa bai komar da jama'ar da ya ɓatar ba.

Jikansa Yosiya ya hau yana da shekara takwas. A shekara ta 18 ta mulkinsa, wajen 622 K.H., babban firist Hilkiya ya tsinci Littafin Shari'a ana cikin gyaran Haikali. Magatakarda Shafan ya karanta wa sarki, sarki ya yayyage tufafinsa, ya aika a tambayi annabiya Hulda. Ta ce masifa tana zuwa babu makawa, sai dai ba zai gan ta da idonsa ba. Ya san gyaransa ba zai ceci ƙasar ba, duk da haka ya sabunta alkawari, ya rushe bagaden Betel, ya yi Idin Ƙetarewa. Irmiya ya yabe shi da cewa ya bi wa matalauta da masu bukata hakkinsu. A ganin mai wannan rubutu, babu amincin da ya kai wannan tsabta a dukan jerin. An kashe shi a Magiddo a 609 K.H. sa'ad da ya fita tarar Fir'auna Neko, yana da kimanin shekara 39, bayan shekara 23 kuma Urushalima ta faɗi.

Yadda ikkilisiya ke karanta su

A ikkilisiyoyin da ake sujada da Hausa, irin su ECWA, COCIN da EYN, an san waɗannan sunaye ta Littafi Mai Tsarki na Hausa, wanda aka fara buga shi cikakke a 1932, kuma iyaye da yawa suna raɗa wa 'ya'yansu Dauda, Hezekiya ko Yosiya. Akan yi amfani da labaran wajen gargaɗin shugabanni, na coci da na gari. Malaman tauhidi sukan ƙara da cewa littattafan ba jerin jarumai ba ne, gama kowane sarki ya gaza ta wani gefe, abin da ya ɗore shi ne alkawarin da Allah ya yi wa Dawuda a 2 Sama'ila 7, cewa sarautar zuriyarsa za ta tabbata har abada. Littafin Sarakuna ya ƙare da sakin Yekoniya, sarkin Yahuda daga zuriyar Dawuda, daga kurkukun Babila a shekara ta 37 ta bautarsa, alamar cewa zuriyar ba ta yanke ba. Kiristoci suna ganin cikar alkawarin a wurin Yesu Almasihu, kuma jerin asalinsa da Matiyu ya buɗe bishararsa da shi ya ƙunshi Hezekiya da Yosiya, ya kuma ƙunshi sarakunan da aka ce sun yi mugunta, Ahaz da Manassa.