Kwatanta ingancin rayuwa da gamsuwa da aiki tsakanin ƙasashe

Wannan fanni ne na bincike da ke auna inda jama'a suka fi jin daɗin zama da kuma sana'ar da suke ci da ita. A da, yawan dukiyar da ƙasa ke samarwa ita ce ma'auni. A 1990 hukumar raya ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fito da ma'aunin ci gaban ɗan Adam, wanda masanin tattalin arziki ɗan Pakistan, Mahbub ul Haq, ya tsara. Ya haɗa tsawon rai da ilimi da kuɗin shiga.

Tun 2012 kuma ake fitar da rahoton farin cikin al'ummar duniya, bisa tambayoyin da kamfanin Gallup ke yi wa mutane a ƙasashe sama da 140. Ana ce wa mutum ya ƙaddara wani tsani daga 0 zuwa 10, 0 mafi munin rayuwa, 10 mafi kyawunta, ya faɗi matakin da yake. Finland ce ta zo ta ɗaya kowace shekara daga 2018 zuwa 2025, Afghanistan kuwa tana can ƙarshe a shekarun baya-bayan nan. Arziki na da tasiri, amma ba shi kaɗai ba: a 2025 Kosta Rika ta zo ta 6, Amurka mai ninkinta dukiya ta zo ta 24. Masu rahoton na danganta bambancin ƙasashe har da samun wanda za a jingina da shi ranar wuya, da lafiya, da 'yancin zaɓi, da yadda jama'a ke ganin cin hanci.

Batun aiki ya fi wuyar aunawa. Ma'aikaci a Meziko kan yi fiye da sa'o'i 2,000 a shekara, na Jamus bai kai 1,400 ba. Duk da haka, rahoton Gallup na 2023 ya nuna kashi 13 cikin 100 kacal na ma'aikatan Turai ne ke aiki da zuciya ɗaya, mafi ƙanƙanta a duniya, alhali jimillar duniya kashi 23 ne. Hutu da albashi mai kyau kan sa rai ya kwanta, amma ba lallai su sa mutum ya ƙaunaci aikinsa ba.

Babban giɓin ma'aunan aiki, kuma abin damuwa ne ƙwarai, shi ne yawancinsu an gina su ne a kan mai albashi. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ƙiyasta a 2018 cewa kusan kashi 86 cikin 100 na masu aiki a Afirka ba su da aikin da ke rubuce a hukumance. Manomi da mai acaɓa da mai tuyar ƙosai ba su da shugaban ofis ko fansho da za a tambaye su a kai. Al'ada ma na shiga ciki. A ƙasar Hausa, wanda aka tambaya ya aiki zai ce da godiya ko da kasuwa ta tsaya, don haka masu bincike kan haɗa amsar baki da alƙaluman lafiya da na kuɗin shiga kafin su yanke hukunci.