Wai mene ne ciwon kwiɓi, kuma dole ne sai ƙoda?

Kwiɓi dai shi ne wurin nan da ke tsakanin haƙarƙarinka na ƙarshe da ƙashin ƙugu, daga gefe ya ɗan zagaya baya. To idan likita ya rubuta ciwon kwiɓi a katinka bai faɗi cuta ba fa, wurin da ke ciwo kawai ya faɗa. Abin da ke damuna kenan, mutum da ya ji ciwo a nan sai ya yanke hukunci ai ƙoda ce, a hau shan magani barkatai, alhali ba ita kaɗai ke zaune a wurin ba.

Gaskiya ne ƙoda ce a kan gaba, musamman tsakuwa. Duk wanda ya taɓa ganin mai tsakuwa ta maƙale masa a bututun da ke kai fitsari daga ƙoda zuwa mafitsara ba zai manta ba, zai kasa zama ya kasa kwanciya sai murƙususu da gumi, ciwon ya taso ya lafa ya sake tasowa, yana gangarowa mara har matsematsi, namiji ma har maraina, ga amai, wani lokacin fitsarin ya yi ja. Tsakuwar da ba ta kai milimita 5 ba yawanci da kanta take fita, wadda ta wuce 10 kuwa da wuya sai an taimaka mata.

Na biyu shi ne ƙwayoyin cuta su hauro daga mafitsara su kama ƙodar. Shi wannan da zazzaɓi yake zuwa da rawar ɗari da zafin fitsari. Shi ya sa za ka ga likita ya ɗora tafin hannunsa a bayanka ƙasan haƙarƙari ya ɗan buga da ɗaya hannun, in ka zabura to ƙodar ta amsa.

Amma fa sau da yawa tsoka ce kawai, ka ɗaga kaya mai nauyi ko ka kwanta a karkace, alamarta in ka juya ko ka sunkuya ciwon ya ƙaru. Akwai ƙwayar cutar ƙarambau da ke farfaɗowa bayan shekaru, fata ta yi ta raɗaɗi kwana biyu uku kafin ƙuraje su fito a jere gefe ɗaya. A ɓangaren dama maɗaciya ko afendis na iya yin haka, har nimoniya in ta kama ƙasan huhu. Mace kuma dole a tambaye ta yaushe rabonta da al'ada, don cikin da ya zauna a wajen mahaifa yana kisa, kada ki ji haushi in an ce sai kin yi gwajin ciki. Dattijon da ya haura 60 bai taɓa tsakuwa ba kwatsam ciwo ya turnuƙe shi, likitoci sukan fara tunanin babbar jijiyar jinin ciki ce ta kumbura tana neman fashewa.

Don haka tambayoyin nan da likita ke yi ba ɓata lokaci ba ne, rabin aikin kenan. Sannan gwajin fitsari a ga ko akwai jini ko alamar mugunya, gwajin jini a ga aikin ƙoda, sai hoto. Hoton CT, wato wanda na'ura ke ɗauka na cikin jiki da X-ray, ya fi kama tsakuwa, amma mai juna biyu da yara sikanin irin na awon ciki (ultrasound) ake fara musu don ba shi da tururin nan mai illa da CT ke da shi.

Don Allah a rage ɗirkar diclofenac da ibuprofen ba tare da an san me ke faruwa ba, in ƙodar na da rauni ƙara mata suke yi. Kuma in ciwon kwiɓi ya haɗu da zazzaɓi mai zafi, ko fitsari ya ɗauke, ko amai ya hana ka riƙe ko ruwa, ko jiri na ɗibarka, kada a jira gari ya waye, a tafi asibiti a daren.