Dokar Amurka da ta ba masu sayar da ekinasiya damar cewa tana "taimaka wa garkuwar jiki"

A gaban kwalbar ekinasiya da aka yi don kasuwar Amurka, yawanci an rubuta da manyan baƙi cewa tana taimaka wa garkuwar jiki. A can gefe kuma, da ƙananan baƙi, an rubuta cewa hukumar kula da abinci da magunguna ta ƙasar, wato FDA, ba ta tantance wannan magana ba, kuma ba a yi kayan don gano wata cuta, ko jinyarta, ko warkar da ita, ko riga-kafinta ba. Maganar farko ta ba ka fata, ta biyu ta janye. Doka ɗaya ce ta haifi duka biyun, kuma ya kamata mai saye ya san ta kafin ya sa hannu a aljihu.

Ekinasiya, wadda ake rubutawa Echinacea a jikin kwalba, tsiro ce 'yar asalin Arewacin Amurka. 'Yan asalin nahiyar sun daɗe suna magani da saiwarta. Yau iri uku aka fi sayarwa: purpurea da angustifolia da pallida, a ƙwaya ko ruwa ko shayi.

Dokar kuwa ana kiranta DSHEA a taƙaice. Shugaba Bill Clinton ya sa mata hannu a Oktoban 1994, kuma Sanata Orrin Hatch na jihar Utah da Sanata Tom Harkin na Iowa ne suka tsaya mata a majalisa. Ƙashin bayanta shi ne ta ɗauki bitamin da ganyayyaki irin su ekinasiya ta sa su a layin abinci da sunan "ƙarin abinci", ba a layin magani ba. Wannan rabon ne ya canza komai. Kafin magani ya shiga kasuwa, sai kamfaninsa ya kai wa FDA shaidar gwaji a kan mutane cewa yana aiki kuma amfaninsa ya rinjayi illarsa. Ƙarin abinci ba ya bin wannan ƙofa. Kamfani zai haɗa kayansa ya fara sayarwa ba tare da hukuma ta amince ba. Sinadarin da bai shiga kasuwa ba kafin 15 ga Oktoban 1994 ne ake buƙatar a sanar da FDA kwana 75 kafin sayar da shi, ita kuwa ekinasiya ta riga wannan rana da nisa.

To me kamfani zai iya faɗa? Doka ta ba shi damar bayyana yadda kayan ke taimaka wa wani sashe na jiki ko aikinsa, amma ta hana shi alaƙanta su da cuta. "Tana taimaka wa garkuwar jiki" ya halatta. "Tana warkar da mura" ko "tana hana kamuwa da mura" bai halatta ba, domin da zarar an faɗi haka, a idon doka kayan sun koma maganin da ba a amince da shi ba. Sharuɗɗan halattacciyar maganar uku ne: kamfani ya mallaki hujjar cewa gaskiya ce, ya sanar da FDA cikin kwana 30 bayan fara sayarwa, ya kuma buga wancan gargaɗi na ƙananan baƙi. A lura da na farkon. Hujjar tana hannun kamfani, doka ba ta tilasta masa miƙa ta ga hukuma kafin ya buga maganar ba.

Nan ne damuwata take. Uwar da ɗanta ke tari ba ta tsayawa tantance bambancin garkuwar jiki da riga-kafin mura. Ita dai ta karanta garkuwa, ta fahimci kariya, kuma masu talla sun san haka. Kamfanin Airborne, wanda haɗinsa ya ƙunshi ekinasiya, ya yi ta tallan cewa yana kare mutum daga mura. A 2008 ya yi sulhu da hukumar FTC, mai sa ido kan tallace-tallace, a kan kuɗin da ya kai dala miliyan 30. Kayan ba su bar kanti ba. Lafazin ne ya koma maganar taimaka wa garkuwar jiki.

Binciken kimiyya bai yi wa ekinasiya gatan da kwalba ke nunawa ba. A 2005 mujallar likitoci ta New England Journal of Medicine ta buga gwajin da Ronald Turner ya jagoranta, inda aka sa wa masu sa kai ƙwayar cutar mura da gangan, kuma ba a ga wani bambancin a-zo-a-gani ba tsakanin waɗanda suka sha ekinasiya da waɗanda aka ba maganin wofi, wato wanda babu sinadarin magani a cikinsa. A 2014 masanan Cochrane, ƙungiyar da ke nazarin sakamakon binciken lafiya, suka tattara gwaje-gwaje 24, suka ce ba a tabbatar tana warkar da mura ba, ko da yake mai yiwuwa tana da ɗan ƙaramin tasiri wajen riga-kafi. Adalci ne a faɗi wannan ɗan tasirin, amma bai kai abin da mutum zai dogara da shi ba.

Akwai kuma tambayar abin da ke cikin kwalbar ma. Wani bincike da aka buga a 2003 ya gwada samfuri 59 na ekinasiya daga kantuna, ya tarar kashi 10 cikin 100 babu ekinasiyar da za a iya aunawa a cikinsu. A 2007 FDA ta fitar da ƙa'idojin masana'anta da suka wajabta wa kamfani tabbatar da cewa abin da ya rubuta shi ne abin da ya zuba. Bisa wata doka ta 2006 kuma, dole kamfani ya kai rahoton duk wata mummunar illa cikin kwanakin aiki 15. Waɗannan gyare-gyare ne na gaske, sai dai ba su taɓa tushen ba: idan FDA na son fitar da kaya daga kasuwa saboda haɗari, ita ce za ta kawo hujja. Ganyen ephedra, wanda aka alaƙanta da mace-mace, sai a 2004 aka iya hana shi, shekara 10 bayan dokar DSHEA.

Ekinasiya ba ta da irin wannan haɗari, kuma yawancin manya na shanta na ɗan lokaci lafiya lau. Amma tana iya tayar da ƙaiƙayi da kumburi, wani lokaci mai tsanani, musamman ga wanda jikinsa ba ya jituwa da tsirran danginta. Mai shan maganin rage ƙarfin garkuwar jiki, kamar wanda aka yi wa dashen ƙoda, kada ya kusance ta sai ya tambayi likitansa. Haka mai juna biyu.

Batun yara ya fi buƙatar kula. Gwajin da aka buga a mujallar likitoci ta JAMA a 2003 kan yara 'yan shekara 2 zuwa 11 bai nuna amfani ga mura ba, sai ma ƙuraje da suka fi fitowa a waɗanda suka sha. A Birtaniya, inda ake yi wa irin waɗannan kaya rajista a matsayin maganin gargajiya, hukumar magunguna ta MHRA ta ba da shawara a 2012 cewa kada a bai wa yaron da bai kai shekara 12 ba.