Hanyoyin samun shawara kan noman lambu a karkarar Kano da Jigawa

Noman lambu shi ne noman kayan miya da ganyaye, irin su tumatir, attaruhu, albasa, karas da salak, wanda galibi da rani ake yin sa a fadamu da bakin madatsun ruwa. Sana'a ce mai saurin kawo kuɗi, amma kuskure kaɗan wajen dashe ko feshi yana iya cinye jarin shekara. Shi ya sa mai lambu ba ya rabuwa da neman shawara.

Inda ake fara zuwa shi ne wurin maƙwabcin gona da dattawan da suka gaji sana'ar tun zamanin jigo. Matashi kan tsinko ganyen da ya yi rawaya ya kai wa dattijo, ya ce, "Baba, duba mini wannan." Dattijon zai juya bayan ganyen, ya murza ƙasar gindin shukar a yatsunsa, sannan ya faɗi ko ruwa ne ya yi yawa ko tsutsa ce. Irin wannan sani yana da daraja ƙwarai, domin a kan wannan ƙasar aka gwada shi shekara da shekaru.

A ɓangaren hukuma akwai malaman gona na hukumomin bunƙasa noma da raya karkara na jihohi, wato KNARDA a Kano da JARDA a Jigawa, masu kafa gonakin gwaji don manomi ya gani da idonsa. Sai dai sun yi ƙaranci, wani ƙauyen sai rani ya wuce bai ga ko ɗaya ba. Masu noma a Kadawa, Kura da Bunkure, inda ruwan Dam ɗin Tiga ke zuwa, da na yankin Auyo, sukan tuntuɓi ma'aikatan Hukumar Kogunan Haɗeja da Jama'are kan jadawalin sakin ruwa. Cibiyar NIHORT mai binciken kayan lambu tana da reshe a Bagauda, cibiyar IAR mai binciken aikin gona da NAERLS mai isar da sakamakon bincike ga manoma kuma suna Samarun Zariya.

Shekarar 2016 ta nuna iyakar sanin gado. A lokacin ne tsutsar Tuta absoluta, wadda manoma ke kira sharon, ta cinye gonakin tumatir a Kano da Jigawa. Asalinta daga Kudancin Amurka ne, babu dattijon da ya taɓa ganin ta. Cikin naman ganye take shigewa, inda feshi ba ya kai mata sosai, kuma tana saurin sabawa da magani. Mutane da yawa suka ruga wurin masu sayar da maganin ƙwari, waɗanda ke da sani daidai gwargwado, amma kayansu suke son sayarwa. Abin takaici, an yi ta zuba kuɗi a banza. Shawarar masu bincike ita ce a kafa tarkon da ke jawo mazan ƙwaron da tsutsar ke rikiɗewa ta zama, a ƙone ragowar shukar da ta kamu, a riƙa sauya magani, a kuma daina maimaita tumatir a fili ɗaya.

Rediyo na nan da ƙarfinsa, ga kuma zaurukan WhatsApp inda ake tura hoton shuka a nemi bayani. Bidiyon da aka ɗauka a wata ƙasa kuwa sai an auna shi da yanayin gida, don tumatir a nan sanyin hunturu yake so, kuma idan zafin bazara ya riske shi yana fure, furen zubewa yake yi.